Filogi da wayoyinsa: yaushe ya kamata a canza su?

Filogi ɗan ƙaramin abu ne, bai wuce tsawon yatsa ba, amma duk injin da ke shan fetur da shi yake tashi, da shi yake tafiya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu motoci suka fi yi a kansa da kan wayoyin da ke kai masa wuta.

Bayan tafiyar kilomita nawa ake canza filogi?

Ya danganta da irin ƙarfen da aka yi bakin filogin da shi, kuma bambancin yana da yawa ƙwarai. Filogin da aka saba da shi tun da, wanda ake kira na jan ƙarfe, yakan yi kilomita 30,000 zuwa 50,000. Mai ɗigon filatinam a tsinken tsakiya yana iya kai wa 100,000. Na iridiyam da mai filatinam a baki biyu su ne masu dogon kwana, sukan kai kilomita 160,000, har ma akwai motocin Toyota da littafinsu ya ce mil 120,000, wato kusan kilomita 192,000.

Waɗannan alƙaluma na gaba ɗaya ne. Wanda ya kamata ka bi shi ne adadin da ke cikin littafin motarka, domin filogi iri ɗaya ba ya yin kwana ɗaya a kowane inji. Inji mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya fi cin filogi, saboda matsin da ke cikin silindarsa ya fi yawa. Shi ya sa za ka ga ƙaramar mota mai turbo an rubuta mata kilomita 60,000 ko shekara huɗu, alhali da filogi mai tsada ta fito daga kamfani. In littafin ya ɓata, lambar injin da shekarar da aka ƙera motar sun isa a nemo jadawalin a intanet.

Me ke cinye filogi, tunda ba ya gogar komai?

Wutar da yake bayarwa ita ke cinye shi. Batir yana ba da bolt 12 ne kacal. Kwayil ke ɗaga wannan zuwa dubbai, daga wajen 12,000 har 30,000 ko sama, domin wutar ta iya tsallake 'yar tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa. Duk tsallake ɗaya, sai wani ɗan mitsitsin ƙarfe da ido ba ya gani ya ƙone ya tafi.

Yi lissafin da kanka. A yawancin injinan mota, kowane filogi yana ba da wuta sau ɗaya a juyi biyu na inji. In kana tafiyar kilomita 100 a awa, inji yana juyi 2,500 a minti, to kowane filogi yana tartsatsi sau 1,250 a minti, sau 75,000 ke nan a awa ɗaya. Kafin mota ta cika kilomita 100,000, filogi ɗaya ya yi tartsatsi kamar sau miliyan 75, a cikin zafi da matsi. Abin mamaki ma shi ne da yake kai wa hakan.

Da kaifin bakin ya soma mulmulewa, tazarar kuma ta buɗe, sai wutar ta buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ta tsallaka. Daga nan matsala take farowa.

To me ya sa na iridiyam ya fi daɗewa? Na ji ana cewa na jan ƙarfe ya fi ba da wuta.

Sunan ne ke ruɗa mutane. Kusan duk filogin zamani akwai jan ƙarfe a cikinsa, har da na iridiyam, amma a can ciki yake, aikinsa kwashe zafi. Jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085, ba zai jure zama tsirara a ɗakin ƙuna ba. Bakin filogin da ake kira na jan ƙarfe, gamin nikel ne. Nikel yana narkewa a digiri 1,455, filatinam a 1,768, iridiyam kuwa sai 2,446. Saboda taurinsa ne ake iya yin tsinken iridiyam siriri ƙwarai: na kamfanin NGK milimita 0.6, na kamfanin Denso har 0.4, alhali na nikel yakan kai milimita 2.5. Wuta ta fi saurin tashi daga baki mai tsini, don haka siririn tsinke ba ya wahalar da kwayil.

Maganar cewa na jan ƙarfe ya fi wuta, ban ga abin da direba zai ji a ƙafarsa ba. Sabon filogi kowane iri ne, in dai shi ne ya dace da injin, zai ƙona mai yadda ya kamata. Bambancin sai bayan an yi tafiya yake fitowa: wani ya mulmule, wani yana nan da kaifinsa.

Motata lafiya lau take tafiya. Me zai sa in canza abin da bai lalace ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka bari in ɗan tsaya a kanta.

A zamanin motoci masu kafireto da distirbuta, filogi ya gaji mota za ta gaya maka da kanta: ta ƙi tashi da safe, ta yi ta tari. Motar yanzu ba haka take ba. Kwayil ɗinta yana da ƙarfi sosai, kwamfutar inji kuma tana ta gyare-gyare a ɓoye, sai filogi ya wuce wa'adinsa da nisa kai ba ka ji komai ba. Amma wani na ɗaukar nauyin. Duk lokacin da tazara ta ƙara buɗewa, kwayil ne ke ƙara ɗaga ƙarfin wuta, yana zafi, rufin da ke cikinsa yana gajiya. Ran da ya ƙone, sai a ce kwayil ɗin ba shi da inganci, alhali tsohon filogi ne ya kashe shi. A sa sabon kwayil a bar filogin, bayan wani lokaci shi ma ya bi sahu.

Na biyu a layi shi ne katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. In silinda ta kasa ƙona manta, ɗanyen fetur ne ke wucewa cikin salansa, ya je ya ƙone a cikin katalis ɗin. Cikinsa kamar saƙar zuma yake, na tangaran, kuma zafi in ya wuce kima yana narkar da shi ya toshe. A kayan mota, filogi yana cikin masu araha, katalis kuwa yana cikin masu tsada.

Akwai kuma na uku da ba a cika faɗa ba. Filogin da ya shekara goma a ɗaure a kan inji na alminiyam yakan kama jikinsa, ranar cirewa a sha wahala. Wani ya karye a ciki, wani ya fito da zaren ramin gaba ɗaya. Aikin rabin awa sai ya koma na kwana biyu.

Bakanikena yana canza mini filogi duk lokacin da aka juye baƙin mai. Daidai ne?

In dai filogin kirki ne, inji kuma lafiyarsa ƙalau, ɓarnar kuɗi ce. Al'adar ta samo asali ne daga lokacin fetur mai dalma, wanda ke barin ƙazanta a bakin filogi, ga kuma kafireto da ke yawan ba da mai fiye da kima. A lokacin filogi ba ya daɗewa, don haka aka saba haɗa shi da kowane sabis. An daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duniya baki ɗaya tun 2021, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe. Dalilin ya tafi, al'adar ta zauna.

Sai dai ka tambaye shi ya nuna maka waɗanda ya cire. In kullum suna fitowa baƙi ƙirin ko jiƙe da mai bayan 'yar tafiya kaɗan, to injin ne ke da ciwo, kuma canza filogi kowane wata uku ba zai warkar da shi ba.

Ba na tafiya mai nisa, cikin gari kawai nake yawo. Ke nan filogina zai daɗe?

Akasin haka ma. Mitar da ke allon direba tafiyar taya take ƙirgawa, ba ta ƙirga lokacin da kake tsaye a cunkoso inji yana silo. A silo, inji yana juyi kamar 750 a minti, kowane filogi yana tartsatsi sau 22,500 a awa. In ka koma kan lissafin da muka yi a baya, wannan daidai yake da tafiyar kilomita 30 da mita ba ta rubuta ba.

Ban da wannan, bakin filogi yana buƙatar zafin da ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya ƙone baƙin da ke taruwa a kansa. Gajeriyar tafiya, a kunna a kashe kafin inji ya ɗumama, ba ta ba shi wannan dama. Mai irin wannan tuƙi gara ya rage wani abu daga adadin littafi, ko ya sa a ciro a duba kafin lokaci.

Waɗanne alamu ne ke nuna filogi ya gaji?

Mota ta riƙa jijjiga a silo, har ka ji a sitiyari. Ta daɗe tana kik kafin ta tashi, musamman da sanyin safiya. Ka taka totur ta yi jinkiri, ko ta riƙa fizga a hawa ko lokacin da kake son wuce wata mota. Wannan na ƙarshen shi ne yakan fara bayyana, domin lokacin da aka buɗe totur matsi ya fi yawa a silinda, wuta kuma ta fi shan wuyar tsallakawa. Sai shan mai ya ƙaru, wani lokaci ka ji warin ɗanyen fetur a bayan mota.

Amma duk waɗannan alamu, kwayil da waya da injekta mai fesa wa inji mai, har da iska da ke shiga ta inda bai kamata ba, suna iya kawo su. Alama tana cewa ne a duba. Ba ta yanke hukunci.

Fitilar gargaɗin inji tana ƙiftawa. Zan iya lallaɓawa in isa gida?

In ta kama ta tsaya cak, kana iya tafiya a hankali zuwa inda za a duba. In tana ƙiftawa, kwamfuta ce ke gaya maka wata silinda tana ƙin ƙona mai har ta kai matakin lalata katalis. Sassauta ƙafa nan take, kada ka ja kaya ko ka hau tudu da ƙarfi, ka tsaya a wuri mafi kusa.

In an jona na'urar bincike, lambobin suna da sauƙin karantawa. P0300 yana nufin matsalar tana yawo tsakanin silindodi. P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Wannan tsari ya zama dole ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Turai kuma ga masu fetur tun 2001, saboda haka yawancin motocin da ke kan hanya yanzu suna da shi. Lambar tana faɗin silindar da ke da matsala ne kawai, ba ta faɗin abin da ya lalace a cikinta.

Su kuma wayoyin filogi, yaushe ake canza su?

Nan babu tsayayyen adadi kamar na filogi. Kamfanoni da yawa cewa kawai suke yi a riƙa dubawa. Abin da ya fi dacewa shi ne a sa ido a kansu daga kilomita 80,000 zuwa 100,000, ko bayan shekara biyar zuwa bakwai, domin waya shekaru suna cinta kamar yadda tafiya ke cinta.

Yawancinsu ba waya ba ce irin ta lantarkin gida. Cikin wasu zare ne da aka shafe da sinadarin gawayi, wasu kuma siririyar waya ce aka nannaɗe. Da gangan aka yi su da ɗan turjiya, don kada tartsatsin ya riƙa shiga rediyo da na'urorin mota. Zafin inji da jijjiga suna kakkarya wannan ciki a hankali, robar waje kuma tana bushewa ta tsattsage, musamman in baƙin mai yana ɗiga a kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wuta mai ƙarfin bolt dubu ashirin in ta sami 'yar kafa, jikin inji za ta tsallaka ta bar filogi a banza. Shi ya sa motar da wayoyinta suka tsufa takan yi ƙalau da rana, ranar da aka yi ruwa ko raɓa ta sauka ta soma gardama.

In motarka mai filogin nikel ce, canza waya sau ɗaya a canjin filogi biyu ko uku ya wadatar. In mai dogon zango ce, gara a haɗa su a canza rana ɗaya.

Na buɗe bonet ban ga wayar filogi ko ɗaya ba.

Motarka ba ta da su. Yawancin motocin da aka ƙera daga wajen shekarar 2000 zuwa yau, kowane filogi da kwayil ɗinsa a zaune a kansa. Abin da ya maye gurbin waya shi ne wata doguwar roba mai sifirin a ciki. Ita ma tana bushewa tana tsagewa, a riƙa dubanta duk lokacin canjin filogi. Shi kwayil ɗin ba a sa masa wa'adi, sai ya lalace ake canzawa.

Yaya zan gane waya ta mutu?

Fara da ido da hannu, inji a kashe. Lanƙwasa ta a hankali ka ga ko akwai tsaga, ko inda ta goga da ƙarfe, ko wani farin tabo kamar ƙuna. Leƙa cikin bakinta, tsatsa ko kore-kore alamar ruwa ya shiga ne.

Tsohuwar dabara kuma har yanzu tana aiki: da dare a wuri mai duhu, a kunna inji a buɗe bonet, a ɗan fesa ruwa kamar raɓa a kan wayoyin. In suna yoyo za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, ka ji ƙas-ƙas. Kada ka kai hannu. Wutar tana fizga sosai, kuma fizgar na iya jefa hannunka cikin fanka ko bel. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kuwa kada ma ya matso.

Mai mitar awon lantarki yana iya auna turjiyar kowace waya. Adadin ya bambanta daga iri zuwa iri, don haka abin da ya fi amfani shi ne kwatanta su da juna. Doguwa za ta ɗan fi gajera, wannan daidai ne. Wadda ta yi wa 'yan uwanta fintinkau, ko wadda adadinta ke tsalle in ka motsa ta, ta gama aiki.

Filogi ɗaya ne ya lalace. Dole sai na canza duka?

In tsufa ne, duka. Rana ɗaya aka ɗaura su, wahala ɗaya suka sha. In kuwa sababbi ne ɗaya ya fashe, canza shi kaɗai da irinsa sak.

Ka san adadinsu kafin ka je saye, domin ba kullum yake daidai da yawan silinda ba. Injin Honda i-DSI silinda huɗu ne amma filogi takwas, V6 (silinda shida a layi biyu) na Mercedes mai lamba M112 goma sha biyu, Hemi 5.7 na Chrysler goma sha shida. Sannan a motoci masu V6 da aka ɗora a gicciye, uku na baya sukan ɓuya ƙarƙashin bututun shigar iska, sai an kwance shi ake kai gare su. Ba sabon abu ba ne a canza uku na gaba a bar na baya da suka zo da mota. Ka ce a ba ka tsofaffin a hannu, ka ƙirga.

Me launin tsohon filogi ke nunawa?

Kafin zuwan kwamfuta, da wannan bakanike ke karanta lafiyar inji, kuma har gobe yana da amfani. Jera su bisa tsarin silindar da kowanne ya fito, kada a cakuɗa.

Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka, a bushe: lafiya. Baƙi busasshe kamar na gindin tukunya: mai ya yi yawa, ko matatar iska ta toshe, ko gajerun tafiye-tafiye sun yi yawa. Baƙi mai maiƙo a bakin da ke cikin silinda: baƙin mai ne ke shigowa ta ringin fistin ko robar bawul, wannan aikin inji ne. In kuwa man a saman filogi yake, ya taru a ramin, to gaskit ɗin murfin bawul ne ke yoyo, gyaransa ba shi da wuya, amma in an bar shi zai cinye robar kwayil. Fari fat mai ƙuraje, ko baki ya soma narkewa: zafi ya yi yawa, wannan kuma ba abin jinkiri ba ne, yana iya huda fistin. Guda ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran da launinsu: a binciki ruwan lagireto, mai yiwuwa yana shiga wannan silindar.

Abu biyu kuma a jikin farin tangaran na sama. Zobe mai ruwan ƙasa a gindinsa, daf da ƙarfe, ba komai ba ne, ƙura ce mai maiƙo da wutar ke jawowa, kodayake ana yawan cewa iska ce ke fita ta nan. Amma siririn baƙin layi da ya sauko a tsaye kamar an ja da fensir, hanya ce wuta ta haƙa wa kanta. In ka ga wannan, canza filogin tare da robar ko wayar da ke kansa. In ka canza ɗaya ka bar ɗaya, tsohon zai sake zana layin a jikin sabon.

Ba za a iya wanke shi a mayar ba?

Na nikel da baƙi kawai ya rufe, ana iya share shi a samu a isa gida. Wankewa dai ba ta dawo da ƙarfen da ya ƙone. Na iridiyam da filatinam kuwa, kada a kusance su da burushin ƙarfe ko samfefa, garin neman gira a rasa ido.

In ramin ya karɓa, ba shi ke nan ba?

A'a. Filogi biyu suna iya zama kamar tagwaye a ido, amma ɗaya ya fi tsawon zare. Dogo yana iya taɓa fistin, gajere kuma wutarsa tana maƙalewa a cikin rami. Sannan akwai abin da ake kira zafin filogi, wato saurin da yake sauke zafi zuwa jikin inji: mai saurin saukewa shi ne mai sanyi, mai jinkiri kuma mai zafi. Mai sanyi da yawa baƙi zai rufe shi, mai zafi da yawa kuma zai kunna mai tun kafin lokaci. Lambobin ma ba tafiyarsu ɗaya ba: a wajen NGK da Denso babbar lamba tana nufin mai sanyi, a wajen Bosch da Champion tana nufin mai zafi.

Hawa daga nikel zuwa iridiyam babu laifi in lambar ta dace. Saukowa ce ba a so. Akwai kuma injinan da kwayil ɗaya ke ba filogi biyu wuta lokaci guda. A irinsu, wutar ɗaya daga cikin biyun a juye take tafiya, ƙugiyar ce ke cinyewa, don haka suna son mai filatinam a baki biyu.

A kula da jabu. Filogin iridiyam yana cikin kayan da ake yawan kwaikwaya, kwali da tambari duk iri ɗaya, bakin kuwa ƙarfen banza. In farashin ya yi ƙasa ƙwarai da na dillalin da aka sani, araha ba ta ado.

Sai an gyara tazarar sabon filogi?

Yawancinsu a gyare suke zuwa, galibi tsakanin milimita 0.7 da 1.1. A dai auna, ko ya bugu a hanya. In za a gyara, ƙugiyar ake lanƙwasawa, ba a dogara da siririn tsinken. Filogin da ya faɗi a kan siminti kuwa, ko bai nuna tsaga ba, ni ba zan sa shi ba.

Zan iya canzawa da kaina?

A inji mai silinda huɗu da filoginsa ke sama, ƙwarai kuwa. Bari inji ya huce sarai tukuna. Kama waya ta kan robarta ka murɗa kaɗan sannan ka ja, kada ka fizge ta daga tsakiya. Hure ƙasar da ke cikin ramin kafin ka kwance, in ba haka ba cikin silinda za ta zuba. Yi ɗaya bayan ɗaya don kada wayoyi su sarƙe maka. Yawancin injina masu silinda huɗu 1-3-4-2 suke bi, kuma waya biyu in suka yi musaya mota ba za ta tafi daidai ba, ko ta ƙi tashi.

Wurin ɗaurawa ne ake yin ɓarna. Fara murɗa sabon da hannu zalla. In ya cije tun farko, dawo da shi ka sake, domin ƙarfen filogi ya fi alminiyam tauri, kuma in ka tilasta shi ramin ne zai ci. Filogi mai zaren milimita 14 da wosha, a kan alminiyam, Nm 25 zuwa 30 ake ɗaure shi (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne). In babu sifana mai awo, bayan ya zauna da hannu a ƙara rabin juyi ko ɗan fiye, in woshar sabuwa ce. Wanda ba shi da wosha, mai gindi a zurme, kaɗan ƙwarai ake ƙarawa, kamar kashi ɗaya cikin sha shida na juyi. NGK ya ce kada a shafa wa zaren filoginsa man hana kamawa, domin an riga an lulluɓe shi, man kuma yana sa a ɗaure fiye da kima ba a sani ba.

Na canza filogi amma har yanzu tana jijjiga.

Ɗauki kwayil ɗin silindar da ake zargi ka musanya shi da na maƙwabciyarta, a goge lambar, a sake tayarwa. In P0302 ta koma P0303, kwayil ne. In ta tsaya inda take, a duba injekta, sannan a auna matsin silindar. Wannan ya fi a yi ta sayen kaya ɗaya bayan ɗaya ana canke.

Sabon filogi yana rage shan mai ko ƙara gudu?

Yana dawo da abin da tsohon ya zubar ne kawai. In na da lafiyarsu ƙalau, ba za ka ga wani canji ba, komai yawan ƙugiyoyin da ke bakin sabon. Ko ƙugiya huɗu ce, ta ɗaya wutar ke tsallakawa a kowane bugu.

Motar dizal fa? Da wadda aka mayar mai amfani da iskar gas?

Injin dizal ba shi da filogin tartsatsi, matsi ne ke kunna masa mai. Abin da yake da shi filogin ɗumama silinda ne don tashin sanyi, kuma sai ya mutu ake canza shi. Iskar gas kuwa ta fi fetur wuyar kamawa, tana neman wuta mai ƙarfi, don haka filogi da waya suna saurin nuna gajiya. Motar da ke tafiya sumul a kan fetur amma tana fizga in an juya ta kan gas, a fara da filogi da wayoyi.

Na sayi mota ta hannu, ban san yaushe aka canza ba.

A ciro ɗaya a duba lambarsa da bakinsa, a kwatanta da abin da littafi ya ce. In V6 ce, a ciro daga layin baya. In akwai shakka a canza duka, ka rubuta adadin kilomitar ranar da kwanan wata a cikin littafin motar, daga nan lissafinka ya fara.